Tawa ko Agadas? Shawara ga matafiyi mai ƙaramin guzuri



Wata ranar Juma'a bayan la'asar ɗan ƙanena ya iske ni zaune ƙofar gida nan Yamai, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yi shiru irin na mai magana a baki. Malamin lakkol ne, cikin waɗanda ake ɗauka bisa kwantiragi, kuma duk wanda ya taɓa karɓar albashi ya san abin da ke saura a aljihun irinsu in wata ya raba tsakiya. Ya ce mini wata 11 ya yi yana ƙulla kuɗi har sun kai jika 90, kuma yana so in hutun ƙarshen Disamba ya zo ya rataya jakarsa a baya ya tafi ya ga wani yanki na ƙasarsa. Ba fatauci za shi ba, ba biki ba, ba gaisuwar rasuwa ba. Ganin ƙasa kawai. Garuruwa biyu ke ransa, Agadas da Tawa, amma kuɗin ba su kai shi duka biyun.

"Baba, kai ka zauna ɗaya, ka sha zuwa ɗayan. Wanne za ni?"

Da a zamanin ƙuruciyarmu ne yaro ya zo wa babba da wannan magana, da dariya za a yi masa. Mu mun tashi mun san Bahaushe na tafiya don abu huɗu: fatauci, neman karatu, bida, sai hajji. Yawo da jaka a baya don kallon duwatsu da tsofaffin gine-gine aikin nasara ne, irin waɗanda muke gani a shekarun 1980 sun ƙetaro hamada daga Tamanrasat da tsofaffin Peugeot, gashi buzu-buzu, su sayar da motar su ci gaba da yawo da kuɗin. Amma ban yi dariya ba. Ma'aikatanmu nawa ne suka yi shekara 30 suna sa hannu bisa takardun da suka shafi Keita ko Abalak, alhali ko hanyar garin ba su sani ba? Malamin da zai tsaya gaban yara ya koya masu taswirar Nijar, in ya ce yana son ya taka ƙasar da ƙafarsa, taimako ya kamata a yi masa. Na sa aka kawo mana shayi, muka ɗauko takarda da biro.

Abu na farko da muka duba shi ne hanya, domin mai ƙaramin guzuri hanya ce ke fara cin shi tun bai ga komi ba. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, a karya hagu a mararrabar Tsarnawa, a wuce Badagishiri, sai Tawa. Wanda ya tashi da asuba yana iya yin la'asar can. Agadas kuwa sai ka isa Tawa tukuna, sannan ka ƙara wajen kilomita 400 bisa hanyar da ake kira hanyar iraniyom, wadda aka shimfiɗa har Arlit aka gama wajen 1980 don fitar da ma'adinin. Lokacin da take sabuwa, direbobi na yabonta kamar amarya. Daga baya manyan kamiyoyi da rashin gyara suka cinye ta shekara da shekaru, musamman daga Abalak zuwa gaba, har tafiyar da muke yi cikin awa 5 ko 6 ta koma ta yini cur. Zuwana na ƙarshe, wurare da dama direba barin kwaltar yake yi ya bi gefe cikin rairayi, don ya fi sauƙi ga mota da ƙugun fasinja. Yaron ya riga ya zaga tashoshin kampanonin bis ya tambayo farashi. Da muka lissafa, zuwa da dawowa Agadas zai ɗauke kusan rabin jikunansa, Tawa kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma cikin kwana 10 da yake da su, Agadas za ta ci huɗu bisa kujerar mota.

Duk da haka ban so in rage wa Agadas ko ƙwayar zarra daga darajarta ba, don ba ta cancanci haka ba. Wanda bai taɓa hango hasumiyar babban masallacinta da hantsi ba, ja kamar garwashi, da itatuwan da suka tsattsaga jikinta ta kowane gefe, akwai abin da ya rage masa a sanin ƙasar nan. Tsawonta mita 27, da laka tsantsa. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, kuma har yau maginan garin ke hawa suna yaɓe ta. Ga fadar Sarkin Abzin kusa da ita, ga lungunan tsohon gari da suka bi sawun zangon Buzaye na farko, ga gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850, ga maƙeran azurfa da dukawa masu sirdin raƙumi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Wanda ya dace da lokacin Biyanu, farkon shekarar Musulunci, zai ga gari ya rabu gabas da yamma ana kiɗa da rawa cikin shuɗɗan rawuna har ya rasa inda zai sa ido. Duk wannan gaskiya ne, na kuma faɗa masa.

Sai dai na tambaye shi: hotunan da suka sa Agadas ta shiga ransa, na ina ne? Ya buɗe salularsa ya nuna mini. Guda biyu na masallacin ne. Sauran duka na Timiya ne da lambunanta na lemu, da tuddan rairayin Tenere, da raƙuman dawan da mutanen da suka sassaƙa bisa dutse a Dabus. To ga inda gizo ke saƙa. Garin Agadas kansa, mai ƙafa biyu lafiyayyu zai gama shi cikin kwana biyu. Abin da ke kiran mutane yana bayan gari, wani kilomita 100, wani fiye da 200, kuma ba a zuwa da motar kasuwa yadda aka ga dama. Sai an yi hayar mota mai jan ƙafa huɗu, an zuba mata mai na zuwa da dawowa, an biya direba da ɗan jagora, an ɗauki ruwa da abinci. Kuɗin yini ɗaya na irin wannan fita ya isa ya share abin da ya rage wa yaron bayan kuɗin bis. Ga shi tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, kuɗi suka yi yawa a hannun wasu, ɗakin kwana da kwanon abinci suka bi su suka hau. Abin da na ji masa tsoro shi ne ya sha wahalar kilomita 950, ya zaga masallaci sau uku, sannan ya zauna tasha yana kallon duwatsun Abzin daga nesa kamar mai azumi gaban mai tsire.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, amma tilas ne. Mu da muka yi aiki a arewa farkon shekarun 1990 mun tuna lokacin tawaye, bayan abin da ya faru a Cintabaradan cikin watan Mayu 1990, sa'ad da motoci ke taruwa a Tawa suna jiran rakiyar soja kafin su kama hanyar Agadas. An sa hannu bisa yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka fara dawowa, sai tawaye na biyu ya tashi daga 2007 zuwa 2009 ya sake korar su. A farkon 2025 an sace wasu Turawa mata biyu daga gidajensu cikin garin Agadas. Ɗan ƙasa mai tsohuwar jaka ba shi ne abin farautar masu irin wannan aiki ba, amma dajin da ke bayan gari ba wurin da uba zai tura ɗansa shi kaɗai ba ne. Na kuma gaya masa cewa jihar Tawa ma tana da nata, zan zo kansa.

Da na ambaci Tawa sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce: "Baba, Tawa ai hanya ce. Me ke akwai can ban da tasha?"

Wannan ita ce fahimtar mafi yawan mutanen Yamai, kuma ban ga laifinsu ba, don abin da matafiyi ke gani ke nan ta tagar bis: gidan mai, masu sayar da burodi, a sauka a yi salla, a wuce. Ni ma haka na ɗauke ta kafin aiki ya zaunar da ni can. Na ce masa, tun da tarihi ke ja shi Agadas, ya sani cewa rabin labarin yana cikin Adar. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Mubarak, ya fito daga Agadas da rundunarsa ya karɓe Adar daga hannun Kabawa. Daga baya ya hau gadon ubansa, kuma da aka tuɓe shi a 1721 Adar ya komo ya zauna. Daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta fito, wadda gidanta ke Illela. Lisawan da suka rako shi su ne suka riƙe yankin Keita. Wanda ke son ya bi wannan dalla-dalla sai ya nemi littafin da Farfesa Djibo Hamani ya fitar a 1975 bisa Adar kafin zuwan Turawa, shi ne malamin da jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Ashe Agadas da Adar uwa da ɗiya ne. Bambancin shi ne uwar ta ajiye tarihinta cikin gini, ɗiyar kuwa cikin mutane, kuma kallon mutane ba a biyan kuɗin shiga.

Tawa ta taso ne daga ƙauyuka biyu maƙwabta, Bilbis da Fakawa, har yau kuwa akwai unguwar Bilbis. Turawan mulki suka kafa bariki nan farkon ƙarni na 20, garin ya yi ta faɗaɗa bisa rairayi har ƙidayar 2012 ta same shi da mutum kusan dubu 150. An yi masa kwalliya a 2017 lokacin da bikin 18 ga Disamba ya zagayo kansa, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola: tituna, fitilu, sababbin gine-gine. Amma ba don su zan tura mutum ba. Zan tura shi don ranar Lahadi.

Na ce masa ya shirya tafiyarsa yadda zai kwana Tawa ranar Asabar, ya tashi da sassafe ya nufi kasuwa tun ba a cika ba, ya sami gindin wata rumfa ya zauna. Nan zai ga abin da ya sa aka kafa garin a inda yake. Tawa na zaune ne bakin iyaka tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ba ta wuce garin da nisa ba. Daga kudu amalanke da motoci ke shigowa da hatsi, wake, albasa da rake. Daga arewa Buzaye da Filani da Larabawan Azawak ke gangarowa da raƙuma, awaki, da jajayen shanun nan na Azawak waɗanda babu kamarsu wajen nono a ƙasar nan. Mata na zaune da cuku jere bisa tabarmi, fari, siriri kamar takarda. Ga masu gishiri da kanwa, ga dukawa, ga masu tabarmin kaba, ga maƙera. Cikin taku 20 kunne zai ji Hausa, Tamajak, Fulatanci da Larabci. Hausar ma ba irin ta rediyo ba ce. Ba'adare zai ce maka "mi kaka so?", ya ce "taho ka sha hura", kuma in ya yi maka ba'a sai ka kwana biyu kafin ka gane inda ta sauka. Sannan ya tafi kasuwar bisashe ya tsaya bayan dillali ya ga yadda ake cinikin raƙumi, yadda mai saye ke juya baya kamar ya tafi, dillali ya kamo hannun rigarsa. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun san abin da nake nufi, kuma sun san ba a koyar da shi a lakkol.

Wajen ciki, Tawa na da rangwame ga talaka. Da safe kunu da ƙosai, ko waina. Da rana hura da nonon shanu na gaske, wadda in ka sha ludayi goma ka manta da abinci sai magariba. Da dare tuwo, ko dambu da zogale, ko ya bi hayaƙi ya iske mai balangu. Ya sayi kilishi da cuku ya sa a jaka don hanya, ba su lalacewa. Wajen kwana kuwa na hana shi otal. Akwai ɗakunan saukar baƙi na ma'aikatu da na ƙungiyoyi masu sauƙin kuɗi, kuma malamin lakkol ba ya rasa abokin karatu da aka tura aiki wata unguwa ko wani ƙauye. Sai dai na ja masa kunne: wanda ya sauka gidan mutane ba ya zuwa hannu rabbana. Sukari da ganyen shayi da sabulu na uwar gida su shiga cikin lissafi tun daga Yamai, kuma kada ya wuce kwana uku gida ɗaya. Cikin gari kabu-kabu ya ishe shi, ko ƙafarsa. Da marece ya gangara lambunan kwarin Tadis ya ga yadda ake fitar da salati da karas da tumatir daga ƙasar da baƙo zai rantse ba ta tsirar da komi. In ya yi sa'a ana kokowa a filin Hamidin Mai Dare, ya shiga. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma har yau Adarawa ba su ɗauki kokowa wasa ba.

Wani abu da zai lura da shi, in yana da ido, shi ne gidaje. Cikin gari da ƙauyuka zai riƙa ganin gidan siminti mai fenti da ƙofar ƙarfe tsaye tsakanin gidajen laka, sau da yawa a rufe. Kuɗin bida ne. Ba'adare in ya gama girbi, ko ma bai jira girbin ba, sai ya kama hanyar Abijan, ko Kamaru, ko Libiya, ko Nijeriya, wani ya yi wata shida, wani shekara shida. Akwai ƙauyukan da in ka shiga da rani ba ka ganin kowa sai mata, tsofaffi da yara. Duk wanda ke son ya gane dalilin da ya sa faɗuwar darajar sefa a 1994, ko rikicin Kodibuwar a 2002, ko faɗuwar Gaddafi a 2011 suka girgiza tukunyar tuwo a ƙauyen da ko lantarki babu, to ya zauna da tsofaffin Adar ya saurara. Na ce wa yaron: kai da za ka yi yawo don nishaɗi, za ka shiga ƙasar mutanen da yawo ya zame wa tilas. Ka yi magana da su da ladabi.

Daga nan sai Keita, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa na karkata ga Tawa. Wajen kilomita 70 ne gabas, ta Tamaske, kuma motocin kasuwa na zuwa. Hanyar kanta abin kallo ce, domin nan ne Adar Dutsi ke nuna fuskarsa: fako mai baƙin dutse shimfiɗe kamar faranti, sai kwatsam ƙasa ta tsage ka hango kwari a ƙasa, kore, da garuruwa manne a gindin tudu. Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, masana da yawa sun yanke wa yankin nan ƙauna. Itatuwa sun ƙare, ruwan sama in ya sauko bisa fako ba ya shiga ƙasa, sai ya taru ya gangaro da ƙarfi ya yanke gonakin kwari. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, hukumar PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. To su wa suka yi aikin? Maza sun tafi bida. Mata ne mafi yawa, su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su bisa fako layi bayan layi don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tuddai aka dasa itatuwa miliyoyi, aka gina madatsai a bakin ƙoramu. Na ga wannan da idona lokacin ina can: mata ɗaruruwa a jere bisa gangaren dutse cikin zafin Afrilu, wasu da goyo. Ba duk abin da aka yi ya tsaya ba. Wasu madatsan yashi ya cike su, wasu jeren duwatsun sun watse da aka daina kula. Amma wanda ya hau tudu yau ya dubi inda dā babu ko ƙaya ya ga daji, zai san an yi aiki. A ganina wannan ma gini ne, bai kuma gaza hasumiya ba, sai dai ba a buga shi bisa katin gaisuwa.

Na ƙara masa da wani abu na malaman lakkol. In ya hau tuddan nan ya riƙa duban ƙasa. Zai tsinci duwatsu masu siffar katantanwa da ƙumba. Ba wasan yara ba ne: masana sun tabbatar cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ne ke kwance a nan, kuma farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza daga gindin wannan teku ya fito. Ya cika aljihu ya kai wa ɗalibansa. Darasi guda ke nan da ba zai ci masa ko dala ba.

In ya dawo Tawa, sai ya ɗauki yini guda ya tafi Tabalak, kilomita 50 bisa hanyar Agadas. Tabki ne babba kwance gefen kwalta, wanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005. Cikin Disamba ruwa na nan, tsuntsaye na sauka, masunta na fitar da tarwaɗa da karfasa, mata na soyawa nan bakin hanya. Cin soyayyen kifi kana kallon raƙuma na shan ruwa abu ne da ba a samu ko'ina ba. Abalak na gaba, wajen kilomita 135 daga Tawa, kuma nan ƙasar noma ke ƙarewa, Azawak ta buɗe. In ya tambayi mutanen gari suka ce hanya lafiya, ya je ya ga kasuwar bisashe ya juyo. In suka yi shiru ko suka ce "sai dai a yi addu'a", Tabalak ta ishe shi.

Nan na ajiye biro na dube shi, don ga maganar da na ce zan zo kanta. Arewa maso yammacin jihar Tawa, wajen iyakar Mali, ba wurin yawo ba ne. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga bisa babura suka afka wa Intazayan da Bakorat da zangunan da ke kewaye, cikin yankin Tiliya, gwamnati ta ƙidaya mutum 137 da aka kashe a yini ɗaya. Na ce masa daga Tawa kada ya nufi yamma ko arewa maso yamma ko da wa ya gayyace shi, ko da an ce masa biki ne na abokin abokinsa. Kada ya yi tafiyar dare ko'ina, har da babbar hanya tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Katinsa na ɗan ƙasa da takardar aikinsa su kasance a aljihun gaba, don shingayen jandarma suna da yawa kuma suna da dalilinsu. Kada ya ɗaga salula ya ɗauki hoton soja, ko bariki, ko gada. Duk garin da ya sauka ya fara gaida mai gari ko wani babba, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, domin a wannan zamani baƙon da ke zagaya kasuwa yana tambaye-tambaye ba tare da an san mai masaukinsa ba yana jawo wa kansa zato. Kuma kowace magariba ya kira uwarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba nawa ba ne, nata ne, ta riga ta aiko mini da shi tun kafin ya iso.

Muka raba kuɗin bisa takarda. Kaso ɗaya na bis zuwa da dawowa, a sayi tikitin dawowa tun da wuri ko a ware kuɗinsa cikin wani aljihu dabam da ba a taɓawa. Kaso ɗaya na ƙananan motoci tsakanin Tawa, Keita da Tabalak. Kaso ɗaya na ci da kwana da abin gaida masu masauki. Jika 10 na ajiya don ciwo ko lalacewar mota. Da muka gama sai ga ragowar da ta isa tsaraba. Na tuna masa da bargo da rawani, don ɗarin Adar cikin Disamba, in iskar hunturu ta taso daga arewa da ƙura, ba ya jin Zabarmanci balle ya yi wa mutumin Yamai sassauci.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce abokansa za su tambaye shi me ya je gani a Tawa, alhali da Agadas ce ko hoto ɗaya ya isa amsa. Na ce masa Agadas ta yi fiye da shekara 500 tana nan, za ta jira shi har ranar da zai tafi da abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗin mota su shiga Abzin yadda ya kamata, a lokacin da hanya ta yi daɗi. Ban ce masa Tawa ta fi Agadas ba, don ba zan faɗi abin da ban yarda da shi ba. Cewa na yi jika 90 da kwana 10 za su sa ya leƙa Agadas, amma za su sa ya zauna cikin Adar.

Ya tafi ranar Asabar da bis ɗin asuba. Kwana shida bayan haka ya kira ni da azahar daga Tabalak, iska na kaɗawa cikin wayar har da ƙyar nake jin shi. Ya ce ya kwana biyu a Keita gidan wani malami, wata tsohuwa ta kai shi ta nuna masa layin duwatsun da ta ce da hannunta ta jera tana da cikin ɗanta na fari, wanda yanzu yake Abijan. Ya ce saura jika 31 a aljihunsa, kuma yana tambaya ko cuku na kai kwana uku a jaka bai lalace ba, don yana son ya kawo wa uwarsa. Na ce masa yana kai wata, ya sayo da nawa.